Sai-na-gani da Haƙorin Auta

Yayana mai gyaran agogo ne, kuma tun muna yara ban taɓa jin ya yarda da magana don kawai an faɗa masa ba. Ka ce masa ana ruwa a waje, sai ya miƙa hannu ta taga. Shi ya sa duk layin shagunanmu ba mai kiransa da sunan yanka, Sai-na-gani ake ce masa, shi kuma yana amsawa ko kunya babu. Ni dai Yaya nake ce masa, sai fa ranar da ya ƙure ni.

Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, ƙasa shaguna, sama teloli da 'yan ofisoshi. A ƙuryar shagon mutum ba ya iya miƙewa tsaye sai ya ƙume kai. Tebur ne mai gilashi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da kujera ɗaya tasa, ɗaya ta mai kawo gyara. A bango agoguna ne da masu su suka manta da su, kowanne yana faɗin nasa lokacin. Nawa shagon na zare da maɓalli da zif yana jikin nasa, katako ne kawai ya raba mu, ko tari ya yi ina ji.

Ba haka kawai ya tashi da wannan hali ba, ko da yake ni na ce da shi aka haife shi. Maigidan da ya koya masa aiki mutum ne mai fara'a da yawan rantsuwa. In an kawo agogo sai ya shige da shi bayan labule, ya cire ƙarfe mai kyau ya sa tsoho, ya fito yana girgiza kai yana cewa, "Kai, wannan wani ya riga ya buɗe shi ya ɓata, amma zan gwada." Yaya ya yi shekaru yana riƙe wa mutumin nan fitila yana kallo. Da ya buɗe nasa shagon, abu na farko da ya ce shi ne ba labule. A gaban idonka zai buɗe agogonka, ya nuna maka abin da ya mutu, ya naɗe maka mataccen batirinka a takarda ya ce ka tafi da abinka. Wallahi bai taɓa cutar kowa ba, wannan kam ko maƙiyinsa zai shaida. Illar ita ce ya ɗauka duk duniya shi kaɗai ne haka.

Mu 'yan gida mu muka sha wahalar. Ya kai mota gareji, sai ya ja benci ya zauna a kan bakanike har a gama. An cika masa tukunyar gas, sai ya kai ta wani wuri an sake aunawa. Ni kaina da muka fito ciki ɗaya, in na ce masa zare ya yi tsada, sai ya aika a tambayo a wani shago. Na taɓa ce masa, "Yaya, ranar da ka mutu ma sai ka ɗaga kai ka duba ko likkafanin ya cika yadi." Ya ce in da hali ai zai duba.

Sai kuma tsabta. Duk ƙarfen da ya fito daga cikin agogo, komai ƙanƙantarsa, ba ya komawa sai ya yi wanka. Akwai ɗan kwanon sifirit a hannun damansa, da ƙaramin buroshi, da hantsaki, da farar takarda da yake shanya su a kai. Kullum maganarsa ita ce datti ke kashe agogo, ba tsufa ba. Hannunsa ya saba har ba ya shawara da shi, ko makulli ka ajiye masa a tebur kana magana, sai ka ga ya ɗauka yana gogewa.

Matarsa, Maman Auta, a kamfanin ɗinka labule da zanen gado take aiki, kuma a can ne ake yankar wani abu a albashinta duk wata na inshorar lafiya. Aka ba ta kati da sunanta da na mijinta da na yara. Ranar da ta kawo katin gida, Yaya ya juya shi gaba da baya ya ce, "Mutum bai san ki ba, bai haɗa komai da ke ba, ya ce ki riƙa ba shi kuɗi kina lafiya, ranar ciwo shi zai biya? A ina ya samo wannan imanin?" Bai taɓa amfani da katin ba. Akwai lokacin da turmin haƙorinsa ya kumbura masa kunci, muka yi muka yi ya je wurin likita, ya ce ina! Wai likitan haƙori aiki yake a cikin bakinka inda kai mai bakin ba ka gani. Na ce ya tafi da madubi biyu. Haka ya yi ta fama da ruwan gishiri har haƙorin ya marmashe don kansa.

Auta ce ƙaramar 'yarsa, ita kaɗai ce mace, lokacin tana da shekara goma sha uku. Yarinya ce mai surutu kamar rediyo, kuma duk abin da babanta ya faɗa, a wurinta ya zauna. Ranar Asabar ita ke kawo masa abincin rana a kula, ta leƙo wurina ta ce, "Goggo, yau me aka yi a layin nan?" mu ɗan taɓa gulma.

Wata Asabar ta ajiye kular ta hau sama karɓo kayan makarantarta da ta kai wa tela ya rage. Ashe an wanke barandar sama, ruwa ya gangaro kan matakala. Da gudu ta sauko kamar yadda ta saba. Ƙarar na ji a kan rufin shagon Yaya, sannan ihu. Ko takalmi ban sa ba na fito. Na same ta a durƙushe a ƙasan matakala, jini ya wanke mata haɓa da gaban riga, leɓenta ya fashe. Da ta buɗe baki gabana ya faɗi, haƙorin gaba na sama babu shi. Yaya ne ya gano shi a gefen kwata, ya fita ɗungurungum da doguwar saiwarsa, ko tsagewa bai yi ba, sai dai yashi ya manne masa.

Maman Auta tana wurin aiki, kuma a bakin ƙofa ake karɓe musu waya. Amma da yake ta san mijinta, tuntuni ta sa na ɗauki hoton katin inshorar gaba da baya a wayata. Na zaunar da Auta a kujerar babanta, na danna mata hankici a baki, na kira lambar da ke bayan katin. Na buɗe muryar wayar kowa ya ji, don kada gobe Yaya ya ce ni na ƙara gishiri.

Wata mata ce ta ɗauka, muryarta a natse. Ta tambayi lambar katin da shekarun yarinyar, ta tambaya ko haƙorin ya fita da saiwarsa. Sannan ta ce, "To, ku saurare ni da kyau. Ana iya mayar da shi ya kama, in an yi sauri. Ku riƙe shi ta kai, kada ku taɓa saiwar. Kada ku goge, kada ku kankare, kada ku sa masa sabulu ko wani magani. Ku saka shi cikin madara, in da datti madarar za ta ɗauraye. Ku kai ta kafin awa ɗaya." Ta faɗi asibitin da za mu je, ta ce za ta tura musu lambar izini don su yi aiki ba tare da mun biya ba.

Yaya ya matso da bakinsa kusa da wayar ya ce, "Ke likita ce?"

Ta ce, "Ma'aikaciyar jinya ce, Malam."

"To ga asibitin haƙori a tsallaken titi ina hango shi. Me ya sa za ki tura mu can nesa?"

"Ba mu da yarjejeniya da su. In kun je can, ku za ku biya. Don Allah ku yi sauri."

Ya dube ni ya ɗaga gira. "Kin ji ko? Yarjejeniya." Na kashe wayar kafin ya ƙara wata tambayar. Ya ci gaba da magana ƙasa-ƙasa yana juya haƙorin a tafin hannu. Wai a ina aka taɓa cusa abu mai yashi a cikin rauni? Wai so suke a mayar da shi da ƙazanta ya ruɓe, a yi ta kai yarinya ana dawowa, duk zuwa asibiti ya karɓa daga kamfani su raba. Na ce, "Yaya, don girman Allah ajiye shi a takarda, kada ka yi masa komai. Madara zan sayo yanzu."

Mai shagon kusa da mu ya kulle ya fita, sai da na zaga layin baya. Ina dawowa, tun daga bakin ƙofa warin sifirit ya dake ni. Haƙorin yana kan farar takarda a ƙarƙashin fitila, fari fat, yana ƙyalli kamar yanzu aka fito da shi daga kwali. Buroshin a jiƙe, hantsakin a gefe. Auta tana zaune da hankici a baki, idonta a kan hannun babanta.

Na ce, "Me ka yi? Yaya, me ka yi?"

Ya ce, "Datti na cire. Ki duba ki gani, ko ɗigo babu."

"Ba ka ji abin da matar ta ce ba?"

"Na ji. Ita 'yarta ce?"

Raina ya ɓaci, amma ba lokacin faɗa ba ne. Na tsiyaya madarar a kofi na jefa haƙorin, muka tare tasi. A hanya ma bai bar direba ya huta ba, wai ya ɗauko doguwar hanya don ya ƙara kuɗi. Ni kuwa kofi a hannu ɗaya, kan Auta a kafaɗata, ina ta addu'a a zuci Allah ya sa matar wayar ce ta cika tsanani.

Asibitin hawa na biyu ne a wani gini, ɗakin jira ɗan ƙarami, kujerun roba, talabijin tana yi ba murya. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta duba hoton katin, ta danna na'ura, ta ce lambar izini ba ta iso ba tukuna. Yaya ya yi wata dariya ya ce, "Ai dama ba za ta iso ba. Yanzu za ku ce mu ajiye wani abu kafin ta zo." Bai rufe baki ba likitar ta leƙo, wata 'yar gajeruwar mata mai furfura a goshi. Ta dubi bakin Auta sau ɗaya ta ce a shigo da ita, lamba ta same su a ciki. Yaya ya ce ƙafarsa ƙafar 'yarsa. Likitar ta ce ya shigo ya tsaya jikin bango, kada ya taɓa komai.

Ta ciro haƙorin daga madara, ta juya shi a ƙarƙashin fitila, ta kai shi kusa da hanci. Ta ce, "Wa ya wanke shi?"

Yaya ya ce, "Ni." Wallahi da alfahari ya faɗa.

"Da me?"

"Sifirit da buroshi. Har 'yan zare-zaren naman da suka maƙale a saiwar na tsince su tas."

Likitar ta mayar da haƙorin cikin wani ɗan kwano. Ta ce wa mai taimaka mata ta fara wanke raunin, mu kuma ta ce mu biyo ta waje. A baranda ta rage murya don kada Auta ta ji. Ta ce, "Malam, waɗannan zare-zaren da ka tsince, masu rai ne. Su ne ke kama ƙashi su riƙe haƙori. Sifirit yana kashe su, buroshi yana kwashe su. Zan mayar da shi, zan ɗaure shi da waya, zan yi duk abin da ake yi. Zai iya zama na ɗan lokaci. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, da wuya ya daɗe."

Na jingina da bango ina salati. Yaya kuwa ko gezau. Da ta koma ciki ya raɗa mini, "Kin ji? Tun ba ta fara ba ta nemo wanda za ta ɗora wa laifi. Wani ya riga ya buɗe ya ɓata, amma zan gwada. Na san wannan karatun, da shi na girma."

Aka mayar da haƙorin, aka ɗinke leɓen, aka ɗaure shi da siririyar waya a jikin maƙwabtansa. Kafin a gama lambar ta iso. Da muka fito Yaya ya sa hannu a aljihu, yarinyar da ke teburin ta ce babu abin biya, har magani inshora ta ɗauka. Maimakon ya gode, sai ya tsaya yana kallonta. Ya ce, "Ina tarkon yake?" Na ja hannun rigarsa muka fita, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da Maman Auta ta dawo daga aiki na faɗa mata komai, ban rage ba. Ita ba mai hayaniya ba ce irina. Ta rungume 'yarta ta yi kukanta, sannan ta dubi mijinta ta ce, "An faɗa maka, ka ji, ka yi naka." Iyakar abin da ta ce ke nan, amma ta daɗe ba ta yi masa dariya ba.

Abin haushi, da farko haƙorin ya zauna. Aka koma aka yi aikin cikin saiwa, aka cire wayar, ya tsaya cak a wurinsa. Kai, Yaya ya samu abin faɗa! Duk wanda ya kawo gyara sai ya ji labarin. In Auta ta zo sai ya ce, "Buɗe ki nuna musu. Wannan da na bi ta tasu da tuni ya ruɓe." Ta buɗe tana dariya. Ni ma har na fara sa rai, na ce Allah ya sa ni ce zan ji kunya, ai da na fi kowa murna.

Likitar dai ba ta daina kiran su ɗaukar hoto ba, inshora tana biya, Yaya yana cewa ga rabon da yake faɗa nan. A hoto na baya ta nuna wa Maman Auta yadda saiwar ke cinyewa a hankali. Haƙorin ya dushe, ya fara nutsewa ya fi 'yan'uwansa gajarta, dasashin wurin ya riƙa kumbura. Shekara da 'yan watanni bayan faɗuwar, aka cire abin da ya saura. Inshora ta biya na haƙorin roba mai ɗan faranti da ake sawa a cire. Na dindindin kuwa, likita ta ce ba a dasa wa yarinya sai ta gama girma, kamfanin kuma ya ce ko ta girma wannan ba ya cikin abin da suke biya.

Auta ta canza. Kafin a gama haɗa na robar ta yi makonni da giɓi, yaran makaranta suka sa mata Wawulo, sunan kuma ya bi ta. Ko da ta sa robar, magana tana fita da wani ɗan sauti, sai ta rage surutun. In za ta yi dariya sai ta kai hannu baki. Ranar Asabar ta leƙo ta gaishe ni a taƙaice, ba ta ƙara tambayata labarin layi ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Kuna zaton Yaya ya sauko? Ina! Sai ma ya fito da sabuwa. Wai ba haƙorin Auta aka mayar ba. Wai lokacin da likitar ta fitar da mu baranda, dabara ce, mai taimaka mata ta musanya nasa mai kyau da wani tsoho. Na ce, "Su kai shi ina? Kasuwar haƙora ake ci?" Ya ce ni ban san duniya ba. Ya rufe shago ya tafi ofishin inshorar, ya yi musu tijara har mai gadi ya rako shi waje. Ya koma asibitin ya ce a nuna masa abin da aka cire, aka nuna masa, ya ce wannan guntun ai kowa ma zai iya kawo shi. Daga nan ya shiga bin likitocin haƙori ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin aljihunsa, har da na tsallaken titin. Duk wanda ya tambaya amsar ɗaya ce. Ya dawo ya ce bakinsu ɗaya, ba mai tona asirin ɗan'uwansa.

Na gaji na ce masa, "Yaya, kowa ɓarawo ne, kowa maƙaryaci ne, kai kaɗai ne ba ka kuskure? Ni fa ina wurin." Ya ce to ni ma ai ina da kati irin nasu ta wurin mijina, dole in kare su. Ranar ban ce masa Yaya ba, abin da ya zo bakina na kira shi. Muka yi kwanaki ba ma gaisawa, katako ɗaya a tsakaninmu.

Akwai wani tsoho da ya daɗe yana kawo masa agogon aljihu, Baba Likita muke ce masa. Da can likitan haƙori ne, amma ya bar aiki tun Auta ba ta zo duniya ba, idonsa ma ya yi rauni, da sanda yake tafiya. Ba shi da asibiti, ba shi da hulɗa da wani kamfani, bai ma san abin da ya faru ba don ya daɗe bai zo ba. Wata Asabar da hantsi na ji sandarsa, na ji ya zauna. Yaya yana buɗe agogon ya ce, kamar hira, "Baba, wani maƙwabcinmu ne 'yarsa ta faɗi, haƙorin gaba ya fita." Ya ba da labarin duka, sai dai ya mayar da kansa maƙwabci. Na ajiye almakashi na kasa kunne.

Tsohon ya ce, "Allah sarki. Sifirit? Har da buroshi? Ai shi ya kashe shi. Na ga irin wannan da yawa, kuma kullum masu son 'ya'yansu ne ke yi. Wanda bai damu ba ya kawo shi da dattinsa, sai ya kama."

Yaya ya ce, "Da ya bar shi a madara fa?"

"Yarinya mai waɗannan shekarun, an kai ta da wuri? Yawanci yana kamawa, ya yi shekaru."

"Yawanci, ko ko yaushe?"

"Yawanci. Ni ba Allah ba ne. Amma wanda aka kankare, wannan kam da wuya."

"Ba yadda za a yi a musanya shi a asibiti?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Haƙorin wani ai ba ya shiga ramin wani, ɗana. Ka ce wa maƙwabcin naka ya yi haƙuri, kada ya kashe kansa da tunani."

Na ji Yaya ya rufe agogon. Tsohon ya yi sallama ya tafi. Daga nan ko motsin hantsaki ban ƙara ji ba. Wani ya zo da gyara, na ji ya ce masa ya dawo jibi.

Da rana Auta ta zo da kula. Na ji ta ajiye, na ji ya ce ta zauna.

Ya ce, "Auta, ranar nan da kika faɗi, kin ji abin da matar nan ta ce a waya?"

Ta ce, "Na ji, Baba."

"Kin ga lokacin da nake wankewa?"

"Na gani."

"To me ya sa ba ki hana ni ba?"

Ta ce, "Kai ka ce ƙarya suke yi. Na ɗauka ka fi su sani."

Na fi shekara ina tanadin ranar da zan tsaya a ƙofar shagon nan in ce masa ai na faɗa maka. Ga ranar ta zo, na kasa tashi daga kujera. Tun rasuwar mahaifiyarmu ban ji kukan Yaya ba sai ranar, kuma tausayinsa ya kama ni har na toshe bakina da mayafi don kada su ji nawa.

Da ƙyar ya ce, "Ni ne na kashe miki shi. Ba likita ba, ba kamfani ba. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na sani, Baba, Mama ta faɗa mini tun da aka cire. Na yafe tuntuni. Amma kullum da safe in zan sa robar nan sai na ji haushinka. Gara in faɗa maka gaskiya."

Ta tashi, ta ce za ta dawo ɗaukar kular da yamma, ta fita. Ta wuce ta gaban shagona ba ta leƙo ba, ni ma ban kira ta ba.